Aljanu ko tangarɗa? Gaskiyar abubuwan ban tsoro da ke ɓoye a cikin tsofaffin wasannin bidiyo

Duk wanda ya taso a ƙarshen shekarun 1990 ko farkon 2000 a Garwa, Njamena, Maraɗi, Kwatano ko zangon Kumasi zai iya tuna shagon gem na unguwa. Tsohuwar talabijin a kan tebur, yara sun yi cincirindo, biyu na riƙe da manet, goma na tsaye a bayansu suna ba da shawara. Labarai ma a nan ake jin su. Wani ya ce akwai ɗan dambe da aka ɓoye a cikin Mortal Kombat wanda ba kowa ke ganinsa ba. Wani ya rantse cewa a wani daji na GTA motoci na tafiya babu direba. Idan hoto ya dagule, fuskar jarumin wasa ta koma wata iri, sai a ji wani ya ce na'urar ta yi gamo.

Yaran wancan lokaci su ne iyayen yau, kuma labaran ba su mutu ba. Sun dawo ta wayar salula, a cikin gajerun bidiyo masu kiɗan ban tsoro da ke cewa wasa kaza "la'ananne" ne. Wasu yaran na kasa barci bayan sun kalla, wasu iyayen kuma sun rasa abin da za su gaskata.

Idan aka bi diddigi, abubuwan nan sun kasu gida uku: akwai abin da masu ƙera wasan suka ɓoye da gangan, akwai kuskuren lissafi na na'ura, akwai kuma ƙaryar da aka shirya daga baya. Sanin bambancinsu ne ke nuna inda haɗari na gaskiya yake, domin akwai shi, sai dai ba a inda aka fi nunawa da yatsa ba.

Sa hannun da aka ɓoye a bango

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Atari na Amurka ba ya rubuta sunayen masu tsara wasanninsa a jikin kaset ko kwali. Wani matashin injiniya mai suna Warren Robinett, wanda shi kaɗai ya tsara wasan Adventure da ya fito a 1980, bai ji daɗin hakan ba. Sai ya gina wani ɗaki na sirri a cikin wasan ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mabuɗin ɗakin wani ɗigo ne guda ɗaya tak, mai launin toka, da ya saje da ƙasan wani lungu mai duhu. Wanda ya tsinci ɗigon ya kai shi wani wuri na musamman zai iya ratsa bango, ya tarar da rubutu yana walƙiya, ɗauke da sunan Robinett a matsayin wanda ya ƙirƙiri wasan.

Kafin kamfanin ya farga, an riga an sayar da kaset masu yawa, Robinett kuma ya bar aikin. Wani yaro ne ya gano ɗakin ya rubuto wasiƙa. Maimakon a cire shi, wani jami'in kamfanin, Steve Wright, ya kwatanta abin da ƙwan da Turawa ke ɓoye wa yara su nema a bikin Ista. Daga nan sunan "ƙwan Ista" ya bi duk wani sirri da aka dasa a cikin manhaja. Abin da Robinett ya yi bai bambanta da na magini da ke rubuta sunansa a jiƙaƙƙen siminti kafin ya bushe ba.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara wa abin yaji. A matakin ƙarshe na Doom II, wanda ya fito a 1994, mai wasa na fuskantar wani ƙaton dodo a jikin bango, sai a ji wata murya mai kauri tana magana da yaren da ba a ganewa. Mutane da yawa sun ɗauka surkulle ne. Ashe Turanci ne aka juya shi baibai. Muryar John Romero ce, ɗaya daga cikin masu tsara wasan, yana cewa sai an kashe shi kafin a ci wasan. Wanda ya yi amfani da lambar ratsa bango ya shiga bayan fuskar dodon zai ga hoton kan Romero a soke a kan sanda. Abokan aikinsa ne suka sa hoton don tsokana, da ya gano sai ya rama da muryar.

Wasan Sonic CD na 1993 ma yana da nasa. A shafin gwajin sauti, idan aka jera lambobi 46 da 12 da 25, sai allo ya koma shuɗi mai duhu, cike da hotunan Sonic da fuskar mutum mai murmushin mugunta, ga rubutun Japananci a tsakiya. Shekaru da dama ana yaɗa cewa saƙon shaiɗan ne, saboda sa hannun da ke ƙasa, wato "Majin", na iya nufin aljani a harshen Japan. Rubutun kuwa cewa kawai yake nishaɗi ba ya ƙarewa a wurin kamfanin Sega, sa hannun kuma laƙabin ƙuruciya ne na Masato Nishimura, ɗaya daga cikin masu zanen wasan.

Babu wanda ya iya wannan wasa da hankali kamar Hideo Kojima. A Metal Gear Solid na 1998, wani abokin gaba mai suna Psycho Mantis na iƙirarin karanta zuciya. Yakan ambaci sunayen wasu wasannin da mutum ya saba yi, ya umarce shi ya ajiye manet a ƙasa, sai manet ɗin ya fara motsi shi kaɗai. Can kuma allo ya yi baƙi kamar talabijin ta sauya tasha. Duk dabara ce. Wasan na leƙa katin ajiya ne ya ga ko akwai wasannin kamfanin Konami a ciki, motsin kuma daga ƴan ƙananan injinan girgiza ne da ke cikin manet. Maganinsa shi ne a zare wayar manet daga rami na ɗaya a mayar da ita na biyu, nan take "mai karanta zuciya" ya makance.

Lambar da ba a tsallakewa: 255

Kashi na biyu ba wanda ya shirya shi. Kafin a fahimce shi sai an san yadda tsofaffin na'urori ke ƙirga. Ma'aunin ajiyarsu shi ne bait, wanda ya ƙunshi ƴan maɓallai 8, kowanne ko dai a kunne ko a kashe. Maɓallai 8 na iya ba da yanayi 256 daban-daban, wato daga 0 zuwa 255. Idan aka ƙara 1 a kan 255, babu gurbin da za a rubuta 256, sai lissafi ya koma 0. Haka agogon kilomita na tsohon babur ke yi idan ya cika 99999: juyi ɗaya ya koma 00000, alhali babur ɗin bai zama sabo ba.

Wurin ajiya kuma ya yi matuƙar ƙaranci. Na'urar Atari 2600 bait 128 kacal take da shi na ƙwaƙwalwar aiki, abin da bai kai tsawon saƙon tes guda ɗaya cikakke ba. Dole masu tsara wasa su yi tsimi, su kuma bar wasu ƙofofi a buɗe bisa zaton babu mai isa wurin.

Pac-Man, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, an tsara shi ne ya yi ta maimaituwa har mai wasa ya gaji. Amma ƙwararru sun kai mataki na 256, suka tarar da abin mamaki: rabin allo na hagu lafiya lau, rabin dama kuwa ya cika da haruffa da lambobi da launuka a hargitse. Dalili shi ne wasan na zana ƴaƴan itatuwa a ƙasan allo don nuna matakin da aka kai, kuma ba sa wuce 7. A mataki na 256 lissafi ya koma 0, sai na'urar ta rikice ta shiga zana guda 256, tana kwaso duk abin da ta samu a ƙwaƙwalwarta tana zubawa a kan allo. Ɗigon da ake buƙatar cinyewa kafin a wuce mataki 244 ne, kuma yawancin na ɓangaren dama sun shafe. Don haka wasan ya ƙare a nan. Makin da ya fi kowanne da za a iya samu a Pac-Man shi ne 3,333,360.

Donkey Kong na 1981 ya fi wannan rashin tausayi. Wasan na lissafa lokacin da zai ba mai wasa ne ta hanyar ƙara 4 a kan lambar mataki, sannan ya ninka sau 10. A mataki na 22, lissafin ya ba da 260. Da yake 260 ya zarce abin da bait ɗaya ke ɗauka, sai 256 suka zube, 4 suka rage. Mario na fara tafiya, bayan ƴan daƙiƙoƙi sai ya faɗi matacce babu abin da ya taɓa shi. Mai kallo zai ce hannun ɓoye ne ya buge shi, alhali lokacinsa ne ya ƙare.

A Super Mario Bros. na 1985, wasan da kusan duk mai kaset ɗin "wasa dubu a ɗaya" ya sani, akwai wurin da ake kira duniyar ƙasa da sifili. A ƙarshen mataki na 1-2, wanda ya iya wani irin tsalle zai ratsa bango ya isa ɗakin bututu uku tun kafin wasan ya rubuta inda kowane bututu zai kai. Idan ya faɗa na farko, sai a kai shi duniya ta 36, wadda babu ita, domin duniyoyin wasan 8 ne. Hoton da ke gurbi na 36 a jerin alamomin wasan fili ne fayau, shi ya sa allo ke nuna "-1" kawai. Mataki ne na cikin ruwa wanda bututun ƙarshensa ke mayar da mutum farko. Haka zai yi ta iyo har lokaci ya cinye shi.

Halittar da ba ta da lamba

Tangarɗar da ta fi kowacce suna tana cikin Pokémon na na'urar Game Boy, wanda ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1998. Halittun wasan 151 ne, amma jadawalin da aka tanadar musu na da gurbi 190. Saura 39 an bar su da wata alama da ke nufin "babu lamba", wato MissingNo.

A ɗauka malami na da rajista mai layi 190, ɗalibansa kuma 151. Muddin sunayen da ke rubuce yake kira, babu matsala. Amma a ce doka ta tilasta duk layin da aka kira sai wani ya miƙe ya amsa. Ranar da bakinsa ya kuɓuce ya kira layin da babu kowa, dole a haɗa wani abu a tsayar. Haka na'ura take: ba ta san "babu" ba, abin da ta tarar a gurbin shi za ta nuna.

Ga yadda abin ke faruwa a kaset ɗin Ingilishi. A garin Viridian akwai wani tsoho da ke koya wa mai wasa yadda ake kama halitta. Domin sunan tsohon ya fito a allo lokacin darasin, wasan na ɗauke sunan mai wasa ya ajiye shi na ɗan lokaci a wurin da ake rubuta jerin halittun da ke cikin ciyawa, bisa zaton za a sake rubuta jerin da zarar an shiga wani dajin. Amma idan mutum ya tashi kai tsaye zuwa tsibirin Cinnabar ya bi gaɓar gabas, wasan na ɗaukar gaɓar a matsayin ciyawa alhali ba a tanadar mata jeri ba. Sai ya koma ya karanta haruffan sunan mai wasa kamar lambobin halittu. Idan harafi ya faɗa a ɗaya daga cikin guraben nan 39, sai wani dunƙulen zane mai kama da ginin da ya rushe ya bayyana. Ga masu wasu haruffa a sunansu, yakan fito da siffar ƙwarangwal ko ta fatalwa, abin da ya ƙara wa labarin armashi.

Haɗuwa da shi na ƙara 128 a kan adadin kaya na shida da ke jakar mai wasa, tana kuma dagula hotunan zauren zakaru. A 1999 kamfanin Nintendo ya gargaɗi masu wasa su guje shi. Gargaɗin ya zama talla, domin yara sun gane hanya ce ta tara kaya masu tsada a banza.

A cikin wasan dai akwai sirri na gaskiya. Halitta ta 151, Mew, wani mai tsara manhaja ne, Shigeki Morimoto, ya cusa ta ana gab da kammala aiki, a ɗan gurbin da ya samu bayan an cire kayan gwaji. Ba a yi niyyar kowa ya gan ta ba, tangarɗa ce ta tona asirinta a Japan. Da jita-jita ɗaya ta tabbata, sai yara suka shiga gaskata sauran.

Jita-jitar da ta zama gaskiya

Masu cewa akwai ɓoyayyen ɗan dambe a Mortal Kombat na 1992 ba su yi ƙarya ba. Sunansa Reptile, mai koren kaya. Kafin a gamu da shi sai an yi faɗa a kan gadar da ke saman ramin ƙusoshi a daidai lokacin da wata inuwa ta gifta ta gaban wata, a ci zagaye biyu ba a taɓa mutum ba, bai kuma kare duka ko sau ɗaya ba, sannan ya gama da bugun kisa.

A shafin ƙididdiga na na'urar, wanda masu shago kaɗai ke buɗewa, a ƙarƙashin layin Reptile akwai wata kalma, ERMACS. Taƙaitaccen suna ne na ma'aunin da ke ƙirga kurakuran manhaja. Masu wasa suka ce ai wani ɗan damben ne, har aka samu masu rantsuwa sun gan shi da jan kaya. Babu shi. Amma da maganar ta ƙi mutuwa, masu wasan suka ƙirƙire shi da gaske a Ultimate Mortal Kombat 3 na 1995, da sunan Ermac, da jan kayansa. Shi kuwa baƙin ɗan damben nan Noob Saibot, sunayen masu wasan biyu ne, Ed Boon da John Tobias, aka karanta daga ƙarshe.

A Street Fighter II kuskuren fassara ne ya haifi fatalwa. Kalaman nasara na Ryu na nufin sai an shawo kan wani naushinsa kafin a yi galaba a kansa, amma mai fassara ya bar sunan naushin da lafazin Sinanci, Sheng Long, sai ya zama kamar sunan mutum. A watan Afrilun 1992 mujallar Electronic Gaming Monthly ta Amurka ta buga hanyar bogi ta haɗuwa da shi a matsayin wasan ranar wawaye, mujallun wasu ƙasashe suka kwafa ba bincike. Bayan shekara biyu kamfanin Capcom ya saka ɓoyayyen ɗan dambe na gaskiya, Akuma.

Motocin GTA: San Andreas na 2004 ma da gaske suna tafiya babu direba a wani daji. Wasan na ajiye tsofaffin motoci ne a kan gangare, sai su gangaro da kansu. Dodon dajin da aka yi ta nema kuwa, ba a taɓa samunsa a cikin ainihin wasan ba.

Kaset na jabu da tarkon da ke cikinsa

Yawancin na'urori da kaset da faifan da suka shigo kasuwannin yankin nan ba na asali ba ne. Kaset mai alƙawarin wasa 9999 a ɗaya yakan ƙunshi ƴan wasanni kaɗan ne da aka maimaita, an sauya launi, an fara daga wani mataki daban, wani lokaci an ɗora kan wani jarumi a jikin wani. Yaron da ya ga abin da abokinsa na wata unguwa bai taɓa gani ba yana da gaskiya, kaset ɗinsu ne ba ɗaya ba.

Ƙura da tsatsa ma na da nasu rabon. Idan haƙoran kaset ba su haɗu da na na'ura sosai ba, bayanai na isowa a gutsure, fuskoki su narke, kiɗa ya koma ƙara. Hura iska da baki, wanda kowa ya ɗauka magani ne, ba shi ke gyarawa ba. Cirewa da mayarwa ne ke sa haƙoran su zauna daidai, danshin numfashi kuwa tsatsa yake ƙarawa.

Wasu kamfanonin kuma da gangan suka dasa wa masu kwafi tarko. EarthBound, wanda ya fito a Amurka a 1995, idan ya gane kaset ɗin jabu ne sai ya cika hanya da abokan gaba. Wanda ya daure har ya kai faɗan ƙarshe, wasan zai daskare, idan ya sake kunnawa ya tarar an goge duk abin da ya ajiye. A Spyro: Year of the Dragon na 2000, wata ƴar aljana ta cikin wasan kan gaya wa mai wasa ƙarara cewa faifansa kamar na sata ne. Daga nan kayan da ya tara su riƙa ɓacewa, harshen wasan ya riƙa sauyawa, a faɗan ƙarshe kuma a mayar da shi farko hannu rabbana. Wanda ya sayi faifansa a kasuwa bai san da wannan ba, abin da zai gani kawai shi ne wasa ya juya masa baya.

Ƙaryar da aka shirya, da cutar da ta faru da gaske

Kashi na uku tatsuniya ce ta zamani. An ce a 1981 an ajiye wata na'ura mai suna Polybius a gidajen wasa na birnin Portland a Amurka, tana sa mantuwa da mugun mafarki, wasu mutane masu baƙaƙen kaya na zuwa kwasar bayanai daga cikinta. Ba a taɓa samun na'urar ko guda ba, babu jaridar wancan lokaci da ta ambace ta, labarin kuma sai wajen shekarar 2000 ya ɓulla a intanet. Labarin kaset ɗin Zelda da ruhun wani yaro da ya nutse ya shiga, wani ɗalibi ne mai suna Alex Hall ya rubuta shi a 2010, ya haɗa da bidiyon da ya shirya da kansa ta hanyar sauya manhajar wasan.

Haka batun garin Lavender na Pokémon, wanda masu kaset ɗin Faransanci suka sani da Lavanville. Gaskiya ne garin maƙabarta ce, kuma kiɗan da Junichi Masuda ya tsara masa na da sanyaya jiki. Amma zancen cewa kiɗan ya hallaka yara a Japan a 1996 ba shi da tushe. Shi ma wajen 2010 aka ƙirƙire shi.

Abin da ya faru da gaske a talabijin ne. Ranar 16 ga Disamba 1997, an nuna kashi na 38 na zanen Pokémon a Japan, inda hasken ja da shuɗi suka riƙa walƙiya kusan sau 12 a daƙiƙa ɗaya. An kwashi mutum 685 zuwa asibiti, yawancinsu yara, wasu da jiri da amai, wasu da farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu, aka kuma kafa ƙa'idoji kan walƙiyar haske a talabijin.

Wannan ya shafi kowane gida. Akwai nau'in farfaɗiya da walƙiyar haske ke tayarwa, kuma wasan bidiyo na iya zama sanadin bayyanarta karon farko. A wuraren da aka saba danganta farfaɗiya da iskokai, yaron da ya faɗi a gaban allo na iya rasa ganin likita, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ake shawo kanta da magani. Idan hakan ta faru, a kashe allon, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki. Idan jijjigar ta wuce minti 5 a garzaya asibiti, idan ma ta tsaya da wuri a kai shi a duba shi.

Abin da kunne ya tsinta

Wani lokaci abin da ke ɓoye ba tsoro yake jawowa ba, ɓacin rai ne. A kaset na farko na The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998, kiɗan wani wuri da ake kira Haikalin Wuta na ɗauke da muryoyi masu kama da zikirin Musulmi, waɗanda aka ɗauko daga wani faifan sautuka na sayarwa. Nintendo ya cire su a bugun da ya biyo baya, daga baya kuma ya sauya wata alama mai kama da jinjirin wata da tauraro.

A watan Oktoban 2008 kamfanin Sony ya janye faifan LittleBigPlanet daga shaguna ana gab da fara sayarwa, bayan an lura cewa wata waƙa da ke ciki na ɗauke da jimloli biyu daga Alƙur'ani. Waƙar ta Toumani Diabaté ce, shahararren makaɗin kora na ƙasar Mali, wanda shi ma Musulmi ne. An jinkirta fitar wasan a duniya baki ɗaya, aka sake shi da kiɗan zalla babu muryar.

Inda ya kamata iyaye su sa ido

Sirrin da ya fi jawo wa wani kamfani asara ba na fatalwa ba ne. A 2005 wani ɗan ƙasar Holland ya gano cewa a cikin faifan GTA: San Andreas akwai wani ɓangare na batsa da masu wasan suka rufe amma ba su goge ba. Da ya fitar da hanyar buɗe shi, hukumar tantance wasanni ta Amurka ta mayar da wasan na manya zalla, manyan shaguna suka sauke shi daga kanta, kamfanin ya sake buga faifan. Ita kanta hukumar an kafa ta ne a 1994, bayan zaman da majalisar dattawan Amurka ta yi kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat.

Ko ba a buɗe komai ba, San Andreas wasan manya ne, ga shi kuma yana cikin waɗanda yara suka fi yi a shaguna da wayoyi. Wasannin da suka biyo ta Turai na ɗauke da alamar PEGI, lamba ce a jikin kwali ko a shafin saukewa: 3, 7, 12, 16 ko 18, wato mafi ƙarancin shekarun da suka dace. Duba wannan lamba ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan fargabar la'anannen kaset.

Sai kuma masu amfani da son sanin sirri wajen yaudara. Saƙon da ke cewa a sauke wata manhaja don ganin "ɓoyayyen mataki" ko samun kuɗin wasa kyauta hanya ce da aka saba bi wajen cusa manhajar sata a waya, kuma a wayar da ake ajiye kuɗi da ita, asarar ba ta wasa ba ce.

Yaron da ya zo a tsorace da labarin wani wasa ba tsawa yake buƙata ba. A tambaye shi: da idonsa ya gani a wasan, ko a bidiyon wani? Idan aka bi matakan, abin na sake faruwa? Tangarɗa ta gaskiya na maimaituwa a hannun kowa, kamar yadda mataki na 22 ke kashe Mario a hannun duk wanda ya kai can. Abin da mutum ɗaya ne kawai ya taɓa gani, da tsakar dare, a kaset ɗin da ya ɓace daga baya, labari ne. Yaron da aka zaunar aka nuna masa dalilin da ya sa 255 da 1 ke ba da 0 a cikin na'ura ya rabu da tsoro, ya kuma ɗauki darasinsa na farko a ilimin kwamfuta.